Agogon da Ta Rataya Domina

Ni ne mai laifi. Na daɗe ina ba da labarin nan ta wata fuska, inda nake fitowa a matsayin mutumin da ya ƙi barin sallar Juma'a saboda taɓo, kuma duk wanda ya ji sai ya ce na kyauta. Ba haka abin yake ba. Na san abin da nake yi tun daga farko, kuma na yi shi a hankali, da lissafi.

Matata ce ta samu tallafin karatu zuwa Maleshiya, ni kuma na biyo ta. A Kano tebur ne da ni na kayan waya. Karatuna ya tsaya a sakandare, ita ma da ƙyar na kai ƙarshenta. Takardar zamana a Kuala Lumpur a jikin tata aka rataya ta, kuma ba ta ba ni izinin aiki ba. Sai na karɓi tsohuwar mota hannun wani ɗalibi da ya gama, ina kai 'yan'uwa 'yan ƙasarmu filin jirgi, ina ɗauko sababbin zuwa, ina nema musu ɗaki a unguwar Setapak, inda mu ma muke zaune a wani dogon bene.

Karatunta a kan itatuwan bakin teku ne, waɗanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri da taɓo. Mutanen can suna ce musu bakau. Takan ɗebi ganyensu ta auna, ta zuba a 'yan jakunkunan raga, ta je ta ɗaure su a jikin turaku cikin taɓo. Bayan wani lokaci sai ta koma ta kwance wasu, ta wanke, ta busar, ta sake aunawa, don ta ga yadda ganyen ke ruɓewa. Wasu turakun suna kusa da gaɓa. Wasu suna can nesa, inda ƙasa ba ta bayyana sai ran da teku ta ja da baya sosai, wato 'yan kwanaki kaɗan a tsayuwar wata da tsakiyarsa. A cikin kwanakin nan ma ɗan lokaci ne ake samu wajen azahar, kafin ruwa ya juyo.

Daga gidanmu zuwa wurin ya fi tafiyar awa guda. Da farko wani abokin karatunta ne, ɗan ƙasar, yake kai su da motarsa, su uku da wata yarinya. Da yarinyar ta gama nata aikin, na ce ban yarda ta shiga mota daga ita sai shi ba. Ni zan riƙa kai ta. Ta yi murna ƙwarai. Ta ce dama ta fi son haka.

A makon ne ta rataya wani abu a bangon falo. Ta samo shi a garin Melaka, a shagon masu sayar da tsofaffin kayan jirgin ruwa. Katako ne guda mai fuska biyu na tagulla. Ta sama barometa ce, mai auna nauyin iska, da 'yar allura a bayan gilashi. Ta ƙasa agogo ne mai hannu ɗaya tak, wanda ba ruwansa da ƙarfe nawa. In hannun ya miƙe sama, teku ta cika. In ya sauko ƙasa, ta janye. Takan daidaita shi da jadawalin da ke wayarta, jadawalin da in na duba ba na ganin komai sai lambobi.

Ita ba ta bukatar agogon. Domina ta saye shi. Ta kama hannuna ta kai ni gabansa, ta nuna mini yadda yake zagayawa, da yadda kullum ruwan yake makara da kusan awa guda a kan na jiya. Sannan ta ɗauko jan farce ta ɗiga a jikin gilashin. Ta ce duk ran aiki, in hannun ya kai ɗigon nan, lokacin barin gida ya yi. Ta haka ba sai ta tsaya a kaina tana cewa mu tafi ba, ni da kaina zan gani in ce mata ta tashi. Tana so ne umarnin ya fito daga bakina. Na gane haka a lokacin, kuma ban gode ba.

Barometar kuwa tun da aka rataya ta allurarta ta karkata ɓangaren ruwan sama, ko da rana na ƙwalla. Ta ce tsawon benenmu ne ya jawo, ta juya wani ɗan kusa a bayanta ta gyara. Ta ce a ƙasar nan ba ta cika faɗin wani abu ba, sai dai ta ɗan hau da hantsi ta ɗan sauka da la'asar, kamar mai numfashi. Duk da haka kowace safiya sai ta ƙwanƙwasa gilashin da farce, ta tsaya tana kallo. In ta ga ta faɗi fiye da yadda ta saba, takan yi tunanin tsawa, don a filin taɓo ba abin da ya fi mutum tsawo. Na taɓa ce mata ita da barometar ɗaya suke, kyan gani a bango, ba abin da suke tsinanawa. Ta yi dariya. Ta ɗauka wasa nake.

Akwai wani shagon shayi da abinci, irin wanda suke ce wa mamak, a ƙasan benenmu inda muke haɗuwa da yamma, mu 'yan buga-buga da wasu ɗalibai. Ni da bakina na ba su labarin agogon, ina neman su yi dariya, suka kuwa samu abin yi. Da na shigo sai wani mai sayar da shadda da turare ya ce a matsa wa mijin Dakta. Wani ya tambaye ni ƙarfe nawa teku ta ba ni hutu yau.

"Mu kiran salla ke tashinmu," in ji mai shaddar, "mutumina kuwa agogon ƙaguwa ke tashinsa. Ka ci abinci kuwa, ko sai ruwa ya janye?"

Nakan yi dariya tare da su, in sha shayina, in hau bene da abin a ƙirjina.

Matata ba ta taɓa taka ƙofa ba tare da ta tambaye ni ba. Haka mahaifinta ya tarbiyyantar da ita, kuma da gaske ta riƙe abin. Ko shagon ƙasa za ta, sai ta tsaya ta ce za ta sauka. Ni kuma ban taɓa ce mata a'a ba. A nan wayona yake. In na hana ta, za a ji, za a ce na tauye matar da gwamnati ta turo karatu. Sai na gano ba sai na hana ba. Bari in gama shayi. Bari in yi wanka. Bari in amsa wayar nan. Ina zaune ina fuskantar bango, ina kallon hannun agogon yana wuce ɗigon jan farcen, na san duk abin da ya wuce daga nan daga aikinta ake yanka.

Da farko kaɗan nake yi, don in ga ta tsaya a bakin ƙofa da dogon takalminta na roba da kula a hannu, tana satar kallon bango, ba ta iya cewa komai. Daɗin hakan nake ji. Duk gidan da takardarta muke zaune, amma ga ta nan tana jiran in ajiye kofi. In mun isa a makare sai ta yi aikin da gudu, ta fito tana haki, ta ce mini sannu da jira. Ta taɓa roƙona in koya mata tuƙi. Na ce to, ban kuma taɓa samun lokaci ba.

Haka muka tafi har aikin ya zo ƙarshe. Saura kwasa ɗaya, ta jakunkunan da suka fi daɗewa a turakun nesa, waɗanda duk sauran awon da ta yi a kansu zai tsaya. Ta yi mini bayani tun da sauran makonni. Ta ce dole a kwashe su a wannan tsayuwar watan, in sun wuce lokacinsu awon ya lalace. Kwanakin da ƙasar za ta buɗe su ne Laraba da Alhamis da Juma'a. Tallafin karatunta kuma saura 'yan watanni ya ƙare.

Ran Laraba na karɓi aikin kai wani mutum filin jirgi, aikin da zan iya miƙa wa wani. Na gaya mata da safe, lokacin da ta riga ta shirya.

Ran Alhamis na sha shayi, na ce motar tana bukatar wanki. Na tsaya gidan mai. Na bar babbar hanya na bi ta cikin garuruwa, inda danja ke tare mutum a kowace mahaɗa. Tana gefena da hannuwa a cinya, tana ta motsa baki, addu'a take. Da muka isa ƙauyen masuntan, muka bi gadar katakon da ke ratsa itatuwan, ruwa ya riga ya fara shigowa ta ƙananan kwaruruka. Ba da igiyar ruwa yake zuwa ba, sulalowa yake yi shiru.

Ta sauka duk da haka. Taɓon wurin ba a tafiya a kansa, nutsewa ake yi har gwiwa. Ta tura baho a gabanta tana rarrafe, tana jan jiki zuwa wajen turakun. Ta kai na farko ta kwance. Kafin ta kai na gaba ruwa ya rufe kansu, tana laluben igiyar da hannu har kafaɗa. Wani tsohon masunci da ke gyaran raga a kan gadar ya yi mata tsawa da yarensu, yana nuna mata ta dawo. Ya dube ni, ya dubi fararen kayana. Ni kuwa na zaro waya na ɗauke ta bidiyo, hijabinta ya zama baƙi, takalmi ɗaya ya maƙale a baya, tana jan baho kamar jaki. Na tura wa mutanen mamak, na rubuta a ƙasa: Dakta a ofis. Kafin ta hau gadar dariya ta cika wayata.

A hanyar dawowa ta ce ba komai, akwai gobe, kuma ruwan gobe zai fi janyewa. Ta ce in mun fita da wuri za ta kwashe duka.

Ran Juma'a tun da hantsi ta sauke kayanta bakin ƙofa. Ta goge mini kayan masallaci. Ta ce akwai masallacin Juma'a a ƙauyen, taku kaɗan daga gadar, nan masuntan ke salla. In sauke ta in tafi, kafin a idar ta fito. Na ce ni ba na gane huɗubar can. Duk huɗubar ƙasar da yarensu ake yi, kuma ba wadda na taɓa ganewa. Na ce ni a Masjid India, wani masallaci a cikin gari, na saba, can zan je.

"Maigida, yau ce ta ƙarshe," ta ce. "Don Allah, don Annabi."

"Na hana ki ne? Cewa na yi bari in dawo."

"In ka dawo ruwa ya rufe."

"To in bar Juma'a saboda ganye?"

Ta ce to in ba ta izini ta kira motar haya ta waya. Na ce ita kaɗai da wani ƙato har bakin teku, ban yarda ba, ta jira ni. Wannan ne kaɗai karon da na hana ta zuwa aikinta da baki, kuma ba wanda ya ji. Na sa makullin mota a aljihu, na bar motar a ƙasa, na hau jirgin ƙasa na shiga gari.

Na yi salla. Ban san abin da na karanta ba. Bayan an idar na ci shinkafa da naman akuya, na zaga shagunan yadi ina taɓa kayan da ba zan saya ba. Da la'asar aka kece da ruwa, na fake a wata baranda har ya ɗauke. Ko ba agogo a gabana na san inda hannunsa yake, don ta koya mini sosai.

Da na buɗe ƙofa na same ta zaune a kan kular, da takalman robar a ƙafarta. Hannun agogon ya haye, ya kusa miƙewa. Ta ce mini sannu da dawowa. Ni kuma na kaɗa makulli na ce, "To, tashi mu tafi."

Ta ɗaga kai ta dubi bango, sannan ta dube ni. Ta sunkuya ta cire takalman, ta kai su banɗaki, ta kawo mini abinci.

Da ruwa ya sake janyewa sosai jakunkunan sun wuce lokacinsu. Malamar da ke duba aikinta ta ce ɓangaren turakun nesa sai an sake shi daga farko, abin da zai ci kusan shekara. Ta nemi ƙarin lokaci a wajen masu tallafin, ba a ba ta ba. A cikin kwanakin ne matar mai shaddar ta nuna mata bidiyon, wai don ta ga yadda aka yi ta dariya. Da na dawo gida ran nan ban same ta ba. Ta tafi unguwar Sri Petaling wajen wata ƙawarta. Karo na farko ke nan da ta fita ba ta tambaye ni ba, ni kuma na ji kamar an ba ni kyauta. Na samu abin kai ƙara.

Akwai wani dattijo, malamin jami'a da ya daɗe a ƙasar, wanda duk rigimar 'yan'uwa a falonsa ake kashe ta. Malam muke ce masa. Ya tara mu, da matarsa, da ƙawar, da maza biyu cikin mutanen mamak. Na yi magana a natse. Na ce na bar kasuwata na biyo ta. Na ce duk watannin nan ni nake kai ta, a tambaye ta ko na taɓa cewa ba za ta ba. Malam ya tambaye ta. Ta ce tana dai jira. Ƙawarta ta kawo maganar bidiyon, mai shaddar ya ce wasa ne tsakanin maza, shi ma an sha yi masa. Da aka zo kan ran Juma'a, Malam ya ce ba zai iya cewa namiji ya yi laifi don ya tafi masallaci ba, kuma ilimin da zai sa mace ta bar gidan mijinta ba izini sai a duba shi. Ba na zargin Malam. Abin da na ajiye a gabansa shi ya yi wa hukunci.

Aka ce ta ba ni haƙuri. Ta sauko daga kujera ta durƙusa a kan kafet, a gaban mutanen da suka yi dariyar bidiyonta, ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri." Na bar ta a durƙushe har sai da matar Malam ta yi gyaran murya, sannan na ce ya wuce.

Ta dawo gida. Ta ajiye karatun, muka fara haɗa kaya, tunda takardarta in ta mutu tawa ma ta mutu. Ban ma yi tunanin wannan ba sai da ya zo. Ba ta canza mini fuska ba. Tana girki, tana gaisuwa, tana tambaya kafin ta sauka shago. Magana dai ta ragu zuwa abin da ya zama dole.

Wata Lahadi da rana mahaifinta ya kira. Tsohon malamin firamare ne, shi ya tsaya ta yi karatu tun tana ƙarama, kuma ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa Dakta za ta dawo. Ina falo ina naɗe labule, ina jin su. Ya tambaye ta abin da ya faru. Ta ce ita ce ba ta tsara lokacinta ba. Ya ce bai zaci haka daga gare ta ba. Sannan ya ce ta ba ni wayar. Ya sa mini albarka, ya ce na yi abin da ba kowane namiji zai yi ba, in yi haƙuri da wahalar banzar da 'yarsa ta ba ni. Na ce, "Ba komai, Baba."

Har a nan ban faɗa ba. Na miƙa mata wayar na ci gaba da naɗe labule. Amma daga ranar abinci ya daina shiga. In na tsaya salla sai in ji muryar tsohon nan yana gode mini.

Bayan 'yan kwanaki, tana ɗaure kwali a kicin, na tsaya daga bakin ƙofa na ce mata ta yi haƙuri in akwai inda na kuskure. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jan igiya.

"In akwai?" ta ce. "Ni a gaban mutane na durƙusa. Baba kuma har yau ni yake ganin ta yi wasa da karatu."

Na sauka na zauna a mota na daɗe, sannan na kira Malam na roƙe shi ya sake tara mutanen ran nan, kada a bar ko ɗaya. Mai shaddar ya shigo yana tambaya ko Dakta ta sake gudu ne. Ba wanda ya taya shi. Na sa aka kira mahaifinta, aka buɗe muryar wayar aka ajiye a kan tebur. Na sauka ƙasa a kan kafet ɗin, na fuskance ta. Sai da na fara sau biyu.

"Baba, Malam, ƙarya na yi muku. Ba ta yi wasa da lokacinta ba, ni na riƙa cinye shi da gangan, wata da watanni, ina kallon agogo. Ran Juma'ar nan ta roƙe ni ta hau motar haya, na hana ta. Akwai masallaci a inda za mu, na sani. Ba don salla na shiga gari ba, don ruwa ya rufe aikinta ne. Na yi haka ne saboda ta fi ni, kuma na kasa jurewa." Sannan na ce mata, "Na ɓata miki karatu, na sa an yi miki dariya, na bari kika durƙusa mini a kan laifina. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Ban ce dole ki yafe ba. Na cuce ki, ki yi haƙuri."